Kwarashi da ulu a Unguwar Hajji: a fara da mayafin wuya, amma kada a yi wa mai koyo ƙarya

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, asubahin Unguwar Hajji da sauran ƙauyukan Ƙaraye da Rogo ba ya yi wa kowa sassauci. Iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Baƙon da ya zo daga ƙasar ƙanƙara zai ce ai wannan ba sanyi ba ne, sai dai shi gidansa da tufafinsa don sanyi aka yi su, alhali ɗakin kwano da rigar yadi don zafi aka tanade su. Masunta da ke sammako zuwa madatsar ruwa ta Challawa, da manoman rani, da 'yan acaɓa, da yaran da ke fita makarantar allo kafin hantsi, su suka san nauyin waɗannan makonni.

A daidai wannan lokaci ne kwarashi ke fitowa daga ƙasan akwati. Kwarashi ɗan tsinke ne mai ƙugiya a baki, na ƙarfe ko na roba, kuma sunansa ya samo asali ne daga kalmar Faransanci mai nufin ƙaramar ƙugiya. Kusan duk yarinyar da ta nuna sha'awar koyo, abin da ake fara ɗora ta a kai shi ne kayan sanyin jarirai: hula, safa, 'yar riga, wani lokaci har da shawul. Dalilin a fili yake, su ne aka san ana saye. Amma an sa na ƙarshe a farko. Abin da ya dace mai koyo ta fara da shi shi ne mayafin wuya mai kauri, dogo, marar ado, wanda ba shi da hannu ba shi da dunduniya.

Safar jariri ƙarama ce a ido, amma tana cikin abubuwa mafi wuya a wannan saƙa. Tana buƙatar siririn zare da kwarashi mai kaurin milimita biyu ko uku, da iya ƙara ido da rage ido, da juya dunduniya, sannan a sake yin wata mai girma ɗaya da ta farko. Hannun da bai riga ya saba da riƙe zare ba, sai a tara masa darussa biyar a zama guda. Abin da ke biyo baya sananne ne: safa ɗaya ta fi 'yar uwarta, a warware, a sake, a gaji, a ce wance ba ta da hannun saƙa. Alhali ba hannun ne ya gaza ba.

Shi kuwa mayafin wuya, darasi ɗaya ne da ake maimaitawa har ya zauna. Ana fara shi da ƙullin zarge a kan kwarashi, sai a riƙa naɗo zare ana zaro shi ta cikin zargen, ido bayan ido, har a sami sarƙa mai tsawon faɗin da ake so, wato kamar santimita 15 zuwa 20. Da zare mai kauri da kwarashi mai milimita 7 ko 8, ido goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa. Daga nan sai a juyo a bi ta kan sarƙar: a naɗa zare sau ɗaya, a soka kwarashi cikin ido, a jawo zare, sai zarge uku su hau kan tsinken, a sake naɗawa a zare su gaba ɗaya. An yi saƙa guda. Idan an kai ƙarshen layi, a yi sarƙa biyu don a hau sama, a juya aikin, a dawo. Haka za a yi ta yi har tsawon ya kai kamar mita ɗaya da rabi. Babu wani abu kuma. Zaren da zai ci bai cika wuce giram 200 zuwa 300 ba, kuma mai koyo za ta iya gamawa a zaman yamma uku ko huɗu, tsakanin la'asar da ɗora tukunyar tuwo.

Kauri a nan ba ado ba ne, hanyar koyarwa ce. Idon saƙa mai kauri ana ganinsa ko da hasken fitilar cajin da ta fara dusashewa, ana iya ƙirga shi da yatsa, kuma kuskure ba ya ɓuya. Kuskuren masu koyo guda biyu ne, kusan a ko'ina. Na farko, matse sarƙar farko da ƙarfi saboda tsoro, sai gindin mayafin ya tanƙware kamar lauje. Na biyu, tsallake idon ƙarshe a kowane layi, domin yakan ɓoye a gefe, sai abin da aka fara da ido goma sha huɗu ya koma tara, ya riƙa tsukewa kamar kan mashi. A jikin safa, ba a gane waɗannan sai an gama. A jikin mayafi kuwa, layi na biyar ya isa ya tona asiri, kuma warware layi biyar bai kai a yi kuka ba. Shi ya sa ma ya fi kyau a zaɓi zare mai haske, ruwan madara ko ruwan toka, a bar baƙi da shuɗi mai duhu sai hannu ya faɗa.

Za a ce zare mai kauri ba ya samuwa a kasuwar ƙauye, kuma gaskiya ne cewa abin da ya fi yawa a hannun 'yan koli shi ne siririn nan na kayan jarirai, mai kaurin kuwa sai an aika birni, wajen masu zare na Ƙofar Wambai. Wannan ba cikas ba ne. Ana haɗa siriri biyu ko uku a riƙe su tare kamar guda, su ba da kaurin da ake nema. Abin kiyayewa kawai shi ne a sayi duk abin da ake buƙata lokaci ɗaya, domin ja na wannan wata ba lallai ya zama jan wata mai zuwa ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan kalmar ulu, domin tana ruɗarwa. Asalinta gashin tumaki take nufi, amma tumakin ƙasar Hausa, 'yankasa da uda da balami, ba masu ba da irin wannan gashi ba ne, gashinsu gajere ne irin na awaki. Abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan ulu, galibinsa akirilik ne, zaren roba da ake samarwa daga sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara fitarwa kasuwa da sunan Orlon a wajajen 1950. Yana da araha, yana riƙe launi, yana bushewa da wuri, yana kuma riƙe ɗumi gwargwado. Illarsa ita ce wuta. Yana kamawa, yana narkewa, ya manne a fata. A yankin da maganin sanyi na farko shi ne kaskon garwashi a tsakar ɗaki da wutar kara a ƙofar gida, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk mai koyar da saƙa da ba ta faɗa wa ɗalibarta wannan ba, ta rage mata rabin darasi. Yarinyar da ta naɗa mayafin ulu ta sunkuya hura murhu tana cikin haɗari, ko da saƙar ta yi kyau.

Abin mamaki shi ne zare mai kauri ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Kakannin waɗannan 'yan mata sun san shi da sunan abawa, kakkauran zaren auduga da mata ke kaɗawa da mazari, a kai wa masaƙa su yi gwado da luru. Yammacin Kano har zuwa Funtuwa ƙasar auduga ce, kuma lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kaɗi ya ja baya ƙwarai, amma ba a rasa tsofaffin da hannunsu bai manta ba. Abawa ba ta kai ulu ɗumi ba, ta fi shi nauyi, tana kuma jinkirin bushewa, sai dai ba ta narkewa a jiki, kuma kuɗinta ba ya fita daga gari. Ko ba don kasuwa ba, ya cancanci a gwada ɗora ta a kan kwarashi.

Sai maganar kuɗi, inda aka fi yin ƙarya. Tun daga shirin inganta rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, zuwa shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, har zuwa tarukan koyar da sana'o'i da 'yan siyasa ke shiryawa a yau, saƙa ba ta taɓa fita daga jerin abubuwan da ake cewa za su sa mace ta dogara da kanta ba. Mayafin wuya ba zai yi wannan ba, kuma bai kamata a ce zai yi ba. Dalili na farko, masu buƙatarsa kaɗan ne: mace tana da hijabi da mayafinta, dattijo yana da rawani ko hirami. Na biyu, dilar gwanjo. Abin da aka saƙa da inji a wata ƙasa, aka sa aka gaji, yana isowa kasuwa a farashin da wani lokaci bai kai kuɗin zaren sabo ba, balle ladan hannu. Saƙar kwarashi ta ainihi kuwa har yau babu injin masana'anta da ke yinta, kowane ido sai hannu ya zaro shi. Wannan shi ne darajarta, shi ne kuma tsadarta.

Masu son kawo misali sukan ambaci ƙasar Ireland, inda a lokacin yunwar 1845 zuwa 1849 aka koya wa mata da yara saƙar kwarashi, ta kuma ciyar da gidaje da dama. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba kayan sanyi suke saƙa wa maƙwabta matalauta irinsu ba. Leshi suke yi mai laushin aiki, akwai makarantu da dillalai da suka tsara harkar, akwai kuma masu hali a Ingila da Amurka da ke jiran saye. Horo kaɗai, ba tare da mai saye ba, bai taɓa ciyar da kowa ba.

Inda kwarashi ke da kasuwa a Ƙaraye da Rogo shi ne inda gwanjo ba ya iya shiga: kayan jariri sababbi da ake kai wa mai jego ranar suna, waɗanda ba wanda zai yarda ya kai kwance; hula mai launin kayan makaranta; abin da aka auna da jikin mutum aka yi masa shi kaɗai. Duk waɗannan suna buƙatar hannu mai daidaito, wanda idonsa na ɗari yake daidai da na farko, kuma wannan daidaiton ne mayafin wuya ke koyarwa a farashin ƙullin zare biyu ko uku. Ya kamata kuma masu shirya horo su duba kalanda. Ajin da aka buɗe a Disamba zai yaye ɗalibansa ne lokacin da iska ta fara juyawa. A Satumba ko Oktoba ya kamata a fara, kafin aikin kaka ya cinye hannuwa, don sanyi ya tarar da kaya a ƙasa.

Mayafin farko, da gefensa mai ɗan karkata, ba na sayarwa ba ne, na gida ne. Kada a naɗa wa jariri ko yaro mai rarrafe, domin yana iya shaƙe shi. Hula da goyo sun fi masa. Idan kuma na yayan mai koyo ne da ke fita acaɓa da asuba, ko na ƙaninta da ke aiki a wajen injin niƙa, to kada a bar shi da jela mai lilo da ƙafar babur ko bel ɗin inji za su iya fizga. A tsayar da saƙar a santimita 60 ko 70, a haɗa bakin farko da na ƙarshe a ɗinke da ragowar zaren, ya zama zobe da ake zurawa ta kai. Zaren da zai ci ma bai kai rabin na dogon ba.