Kasuwa ba alƙali ba ce

An saba cewa kasuwa alƙali ce: kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, wanda ya karye kuwa hajarsa ce ba ta yi ba. Da wannan mudu ake auna kamfanonin Amurka da suka ƙera matsakaitan kwamfutoci masu ƙarfin lissafi a shekarun 1980, a ce sun mutu don injinansu ba su da kirki. Ni dai ban yarda ba.

A lokacin, wanda ke son lissafi mai nauyi, kamar hasashen yanayi ko binciken mai a ƙarƙashin ƙasa, sai ya nemi injin Cray, mai cin miliyoyin daloli. Sai kamfanin Convex na jihar Texas ya fito da injin C1 a 1985, ƙasa da dala miliyan ɗaya. Bai kai Cray gudu ba, amma jami'ar da ba ta taɓa mafarkin mallakar irin wannan ƙarfi ba ta samu. Alliant da Multiflow da Cydrome duk suka faɗo fagen. Gona ɗaya, manoma sun yi yawa.

Cydrome ya rufe a 1988, Multiflow a 1990, Alliant ya karye a 1992. Convex, da ya fi su jimiri, Hewlett-Packard ya saye shi a 1995. Me ya cinye su? Ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta da ake bugawa dubbai a farashi mai araha, suna ƙara gudu kowace shekara. Kafin ƙaramin kamfani ya gama zana sabon inji, na kan tebur ya kusa kamo shi. Ga Yaƙin Cacar Baka ya ƙare, kuɗin binciken soja ya ja baya. Wannan rashin jari ne da rashin sa'ar zamani, ina laifin injiniya?

In da aikinsu banza ne, me ya sa manya suka yi rububin gadon? Dabarar Josh Fisher ta Multiflow, inda manhaja ke ɗaure umarni da yawa dami guda injin ya aiwatar lokaci ɗaya, ta bi shi Hewlett-Packard, ta yi tasiri a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Itanium (ita ma, a gaskiya, ba ta ci kasuwa ba), kuma tana nan cikin ƙwaƙwalen Qualcomm na wayoyin hannu. Robert Colwell na Multiflow kuwa, da kamfanin ya rufe, Intel ya nufa, inda ya jagoranci zanen Pentium Pro, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwaƙwalen da suka ƙarasa binne sana'ar tsohon gidansa.