Kula Mai Riƙe Sanyi a Daji

Bara mun kai yaran makarantarmu zango na kwana uku a daji. A rana ta biyu ƙanƙara ta narke, nama ya soma wari, dole muka zubar. Ga abin da na koya.

In za ka sayi kula, duba kaurin bangonta. Soson da ke cikin bango shi ke tare zafi. Ƙwanƙwasa murfin, in ya yi ƙara kamar ganga, ba soso a ciki. Fara ta fi baƙa, gama baƙa tana shan zafin rana.

Kada ka yi saurin yar da tsohuwa. Sa takarda a bakinta, ka rufe, ka ja. In ta zare da sauƙi, iska na shiga. Manna sabuwar roba kewaye da bakin, ka ɗaure maƙallan murfi.

Babban dunƙulen ƙanƙara ya fi ƙanana daɗewa. Daskarar da ruwa cikin gorunan roba. In ya narke, ga ruwan sha. Cika kula sosai, ka ajiye ta a inuwa, ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ware wata don abin sha, gama yara ba su gajiya da buɗe murfi.

Nama yana bukatar sanyin digiri 4 ko ƙasa. Cikin ɗumi ƙwayoyin cuta suna iya ninkuwa kowane minti 20. Naman da ya yi ɗumi, zubar da shi. Lafiyar yaro ta fi kuɗin nama.

Sai wata mai zuwa.