Wuta na nan, ƙarfi babu: wa ke riƙe da ma'auni?

In aka zauna maganar lantarki a ƙasar nan, yankewar wuta ake kuka da ita. Amma mai injin niƙa a Maraɗi da mai sayar da ƙanƙara a Damagaram sun san wata cuta da ta fi yankewa ɓarna: wuta na nan, ƙarfinta ya faɗi. Ƙwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, firigo na gurnani. Injin da aka ƙera don bolt 220, in ya samu ƙasa da haka sosai, sai ya riƙa jan wuta fiye da kima har wayoyin cikinsa su ƙone. Takardar biya kuwa tana zuwa a ƙarshen wata ba ragi.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1976 Yamai ke shan wutar Nijeriya ta layin Birnin Kebbi mai bolt 132,000, tafiyar fiye da kilomita 250. Maraɗi da Damagaram kuma ta layin Katsina zuwa Gazawa suke samu. Dogon layi, in kaya sun yi masa yawa, ƙarfinsa raguwa yake kafin ya iso. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da kowace fanka da kowane famfo ke aiki, raguwar ta fi tsanani.

Maganin yana hannu biyu. Masu kula da manyan layuka suna da na'urorin ɗaga ƙarfin wuta a tashoshinsu. Masu rarrabawa cikin unguwanni suna da nasu taransifoma. In kowa ya murɗa nasa ba tare da sanin ɗan uwansa ba, sai a yi gyaran gangar auzinawa: tashar gari ta ɗaga ƙarfi, ta ƙara jan wuta daga layin da ya riga ya gaji, har abin ya kai ga duhu baki ɗaya. Hasken rana ma ya ƙaro wani lissafi. Tashar Malbaza ta 2018 da ta Gorou Banda ta 2023 suna tallafar layi da rana, su janye da magariba, daidai lokacin da gidaje ke kunna komi.

Za a ce ƙarancin wutar ne tushen matsala, a jira madatsar Kandaji da sabon layi mai bolt 330,000. Gaskiya ne, kuma katsewar da Nijeriya ta yi mana daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ta nuna haɗarin dogaro da maƙwabci. Sai dai ƙarin wuta ba ya daidaita ƙarfinta da kansa.

A nan kuwa ba mu da uzurin wasu ƙasashe, inda kamfanin jigila daban, na rarrabawa daban. NIGELEC, tun kafa ta a 1968, ita ke riƙe da galibin aikin biyu. Ke nan ofis biyu na gida ɗaya ne za su yi magana da juna, sannan su yi da takwarorinsu na TCN a Nijeriya.

Hukumar ARSE da aka ɗora wa sa ido kan makamashi ta tilasta a dasa ma'auni a ƙarshen layukan unguwanni, ba a bakin tasha kaɗai ba, a riƙa buga sakamakon kowane wata, gari gari. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa su nemi wannan takarda a rubuce, domin da ita ce mai injin da ya ƙone zai iya neman diyya.