Laifin ba na madarar gari ba ne

Tunda na zauna a Agege nake jin mata suna cewa kindirmo ba ya kyau a kudu saboda babu nonon Fulani. Ni ban yarda ba. Sau uku maiɗakina tana asarar madara kafin mu gane matsalar zafi ce. Ƙwayoyin da ke sa nono ya kama suna son digiri 40 zuwa 45. A zuba iri madara na ƙuna, sun mutu. A bar shi ya kwana a zafin Legas, sai tsami da ruwa. Yanzu awa 6 yake yi cikin kula, yana kamawa sai firij. Ku sayi ma'aunin zafi, ya fi asara araha. Allah ya sa wa sana'a albarka.