SHARHI: Ofis babu takarda: Abin da ya rage bayan an sayi kwamfuta an ɗora manhaja

Duk wanda ya taɓa bin sawun takardar ƙarin girma ko ta fansho a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja ya san amsar nan: "Fayil ɗinka yana teburin oga." Wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuma fayil ɗin yana ƙarƙashin wasu ɗari a ofishin rajista, ko a durowar wani da ke jiran a zo a gaishe shi. Babu mai iya tabbatar da inda yake, kuma babu wanda za a kama da laifin jinkirin.

Wannan yanayi ne Ofishin Shugabar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ya ce zai kawo ƙarshensa. Didi Esther Walson-Jack, wadda ta karɓi ofishin a watan Agusta 2024 daga hannun Folasade Yemi-Esan, ta ɗibar wa ma'aikatu wa'adin 31 ga Disamba 2025 su koma aiki ba tare da takarda ba. Shirin yana cikin tsarin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, kuma ya dogara ne da manhajar sarrafa fayiloli ta kwamfuta, wadda kamfanin gwamnati na Galaxy Backbone ke cikin masu samar da ita.

Sanya wa'adi da ƙaddamar da manhaja su ne ɓangare mai sauƙi na aikin. Mai wuyar shi ne cewa fayil a ofishin gwamnati iko ne, kuma duk tsarin da ya sauya yadda fayil ke tafiya ya sauya wanda ke riƙe da ikon.

Abin da manhajar ke sauyawa

A tsohon tsari, wasiƙa na shiga rajista, a buga mata hatimi, a sa ta a fayil, masinja ya ɗauka daga ofis zuwa ofis, kowane jami'i ya rubuta ra'ayinsa ya miƙa gaba. A sabon tsari matakan suna nan, amma kowane mataki yana barin shaida: ranar da takarda ta iso, sunan wanda ya buɗe ta, kwanakin da ta yi a hannunsa da abin da ya rubuta. Ba a iya yage shafi, ba a iya mayar da kwanan wata baya cikin sauƙi, kuma Babban Sakatare na iya ganin inda aiki ya tsaya ba tare da ya aika kowa ba.

Ga ma'aikacin da ke yin aikinsa, wannan kariya ce, domin a karon farko yana da hujjar cewa ba a wurinsa takarda ta kwana ba. Ga wanda darajarsa a ofis ta dogara da iya tsayar da fayil ko gaggauta shi, asara ce. Saboda haka turjiyar da irin wannan shiri ke fuskanta ba ta cika fitowa fili ba. Takan zo da siffar uzuri: intanet ta ɗauke, an manta kalmar sirri, oga ya fi son ya gani a takarda.

Darasin TSA da IPPIS

Najeriya ta riga ta yi gwaji biyu manya da suka isa a koyi darasi daga gare su.

Asusun Bai-ɗaya na TSA ya fara a matsayin gwaji tun 2012, amma ya yi ta jan ƙafa har zuwa Agusta 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya umarci ma'aikatu da hukumomi su rufe asusunsu na bankunan kasuwanci, daga baya kuma aka sanya musu wa'adin 15 ga Satumba. Babban Bankin Najeriya ya ci tarar wasu bankunan da suka riƙe kuɗin gwamnati bayan wa'adin. Fasahar tana nan tun kafin 2015. Abin da ya ƙaru a shekarar shi ne an toshe tsohuwar hanya, kuma wanda ya bi ta ya ɗanɗana kuɗarsa.

Tsarin biyan albashi na IPPIS ya fara a Afrilu 2007 da ma'aikatu da hukumomi bakwai. Ya yi amfani, musamman bayan an haɗa shi da lambar BVN: a farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta sanar da cire sunayen bogi fiye da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi. Amma tsarin ya gamu da cikas a jami'o'i. Ƙungiyar ASUU ta dage cewa bai dace da yanayin aikin malamai ba, kamar hutun bincike da koyarwar wucin gadi a wata jami'a, kuma batun ya kasance cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022. A Disamba 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga cikinsa. Ko a cikin ma'aikatu, wanda aka yi kuskure a albashinsa a Sakkwato ko Kalaba kan shafe watanni yana neman wanda zai gyara, domin makullin gyaran yana Abuja.

Darasi biyu ke nan. Tsarin da aka bar tsohuwar hanya a buɗe kusa da shi ba zai kafu ba. Tsarin da aka kafa ba tare da sauraron masu amfani da shi ba, kuma babu hanyar gyara kuskure da wuri, zai tara abokan gaba har su kayar da shi. Shirin raba ofis da takarda yana buƙatar ƙarfin da aka nuna a TSA, tare da kunnen da IPPIS ya rasa.

Abin da 'yan kasuwa suka riga suka gani

Kamfanoni sun riga gwamnati shiga wannan hanya, kuma ba don sun fi ta son zamani ba. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, jama'a sun koma tura kuɗi ta waya a lokaci guda. Manhajojin bankuna da dama sun kasa ɗaukar nauyin, sai mai shayi da mai kayan miya suka koma OPay da Moniepoint da PalmPay, da yawansu kuma ba su dawo ba. A ƙarshen 2024 wasu manyan bankuna sun sauya babbar manhajar da suke aiki da ita, abokan cinikinsu suka yi kwanaki suna fama da tura kuɗi, duk da tarin ƙwararru da dukiyar da bankunan ke da su. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta tsayar da ayyuka a bankuna da ofisoshi masu yawa.

Abin lura ga ma'aikatu shi ne ranar sauya tsari ita ce ranar da ta fi haɗari, kuma dole a tanadi abin da za a yi idan layi ya yanke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma bambanci mai muhimmanci. Bankin da ya ɓata wa mutum rai zai rasa shi, wannan tsoron ne ke sa shugabanninsa kwana a ofis har a gyara. Ɗan fanshon da fayil ɗinsa ya maƙale ba shi da wata gwamnatin da zai koma. Tunda babu kasuwar da za ta hukunta ma'aikatar da ta yi sakaci, shugabanci ne kaɗai zai maye gurbinta. An taɓa gwada hakan da Umarnin Shugaban Ƙasa na Ɗaya da Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayu 2017 yana muƙaddashi, wanda ya ce buƙatar da hukuma ba ta amsa ba cikin lokacin da ta ɗibar wa kanta, a ɗauka an amince da ita. Manhajar da ke ƙirga kwanaki ita ce kayan aikin da irin wannan umarni ya daɗe yana buƙata.

Oga, hadimi da kalmar sirri

Makomar shirin a kowace ma'aikata tana teburin mutum biyu ko uku. Idan Minista ko Babban Sakatare ya buɗe kwamfuta da kansa, ya karanta, ya amince, ya kuma mayar da duk fayil ɗin takarda da aka kawo masa, daraktoci za su bi cikin mako guda. Idan kuwa ya ce a buga masa a takarda ya sa hannu da biro, sannan wani ya sake ɗorawa a manhaja, to aiki ya zama biyu, kuɗin takarda bai ragu ba, kuma kowa a ƙasa ya gane cewa sabon tsarin ado ne.

A nan hadimai ke cikin haɗarin da ba a cika magana a kansa ba. Hanya mafi sauƙi ga shugaban da bai saba da kwamfuta ba ita ce ya ba mataimakinsa kalmar sirrinsa ya ce ya riƙa amincewa a madadinsa. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da bayanan kwamfuta a gaban kotu, gyaran da aka yi mata a 2023 kuma ya ƙarfafa matsayin sa hannu na na'ura. Ranar da masu binciken kuɗi ko EFCC suka zo kan wata amincewa, manhaja za ta nuna sunan oga, oga zai iya cewa ba shi ya danna ba, kuma bincike zai nuna kwamfutar da aka yi amfani da ita. Hadimin da ke son kansa da arziki zai nemi a buɗe masa shafinsa da sunansa, a rubuta iyakar abin da aka wakilta masa, ya tsara takardu ya bar amincewa ga mai ita.

Haka nan aika takardun gwamnati ta WhatsApp ko imel na ƙashin kai. Yana da sauri, amma takardar ta fita daga rumbun gwamnati ke nan, kuma idan tana ɗauke da bayanan mutane ta shiga hurumin Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ma'aikatar da aka nemi bayani a wurinta ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 tana da kwana bakwai ta amsa, kuma ba za ta iya ba idan rabin shawarwarinta suna cikin wayar hadimin da ya bar aiki tare da ubangidansa.

Zama a ofis ko kammala aiki

A Maris 2020 annobar korona ta sa an umarci ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida. Ga mafi yawansu hutu ne kawai, domin fayilolin suna kulle a sakatariya. Daga baya Kaduna ta koma aikin kwana huɗu a Disamba 2021, Edo da Legas kuma suka rage kwanakin zuwa ofis bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023. Ga ma'aikacin da ke fitowa daga Maraba ko Suleja ko Gwagwalada kullum, wannan batu ne na kuɗin mota da ke cin kaso mai tsoka na albashi.

Fayil ɗin da ke kan intanet ya sa aiki daga nesa ya zama abu mai yiwuwa, amma ya zo da sharaɗi: sai an daina auna ma'aikaci da littafin sa hannun safe, a koma auna shi da abin da ya kammala. Wannan ita ce manufar sabon tsarin auna ƙwazo da ke maye gurbin fom ɗin APER, wanda kusan kowa kan samu maki mai kyau a cikinsa. Nauyin ya koma kan shugabannin sassa, domin wanda bai iya fayyace wa na ƙasa da shi abin da ake so ya gama a wata uku ba, ba shi da abin da zai auna.

Akwai kuma tambayar wanda zai biya. Ba adalci ba ne a ce ma'aikacin da albashinsa bai yi nisa da mafi ƙarancin Naira 70,000 ba ya sayi data da kwamfuta daga aljihunsa don aikin gwamnati. Ofisoshin tarayya da ke jihohi, inda wuta da intanet suka fi ƙaranci, su ne za su fi jin jiki idan hedikwata ta daina karɓar takarda kafin a ba su kayan aiki. Ma'aikatan rajista da masinjoji kuma suna da haƙƙin a gaya musu makomarsu. Su ne suka san inda tsofaffin fayiloli suke da yadda aka jera su, kuma aikin ɗaukar hoton miliyoyin shafuka da sanya musu suna daidai ba zai yiwu ba tare da su ba. Shafin da aka tsallake a fayil ɗin ma'aikaci yau zai iya zama shekarun aikin da zai kasa tabbatarwa ranar ritaya, bayan shekara 35 yana bauta wa ƙasa.

Ma'aunin da ya dace

Yawan ma'aikatun da suka yi bikin ƙaddamarwa ba ya nuna ko an ci nasara. Alƙaluman da za su nuna suna cikin manhajar kanta: kwana nawa takarda ke ɗauka daga rajista zuwa amsa, a wane ofis ta fi daɗewa, kashi nawa na amincewar manyan jami'ai aka yi kai tsaye a kwamfuta, da nawa ma'aikata ta kashe kan takarda da tawada idan aka kwatanta da bara. Idan Ofishin Shugabar Ma'aikata ya riƙa wallafa waɗannan alƙaluma duk wata uku, ma'aikata bayan ma'aikata, kuma suka shiga cikin abin da ake dubawa kafin sabunta wa Babban Sakatare wa'adinsa na shekara huɗu, shirin zai samu haƙoran da TSA ya samu a 2015.

Kafin nan, ƙaramin ma'aikaci na da hanyar gane inda aka dosa ba tare da jiran rahoto ba: ya duba ko masinja na ci gaba da shiga ofishin Babban Sakatare da fayil a hannu.