Daga Keshi Zuwa Zahoui: Har Yaushe Kocin Gida Zai Zama Mai Riƙon Ƙwarya?

Duk wanda ya daɗe yana zirga-zirga tsakanin tashar Adjamé da kasuwar Treichville ya san cewa Abijan gari ne da ke karɓar baƙo, ya ba shi wurin shimfiɗa hajarsa. Haka ta yi wa fataken goro da masu shanu da masu atamfa, haka kuma ta yi wa wani matashin ɗan ƙwallo daga Nijeriya mai suna Stephen Keshi a shekarar 1985. A lokacin hukumar ƙwallon ƙasarsa ta dakatar da shi tare da wasu abokan wasansa na ƙungiyar New Nigeria Bank ta garin Benin, bisa laifin makara wajen shiga sansanin horo. Maimakon ya zauna zaman jiran gawon shanu, sai ya tattara takalmansa ya ƙetaro iyaka. Ya taka wa Stade d'Abidjan leda, ya koma Africa Sports a 1986, daga nan ne Turawan Beljiyam suka hango shi, ya tafi Lokeren, ya wuce Anderlecht, daga baya ya sauka Strasbourg ta Faransa. Ta wannan hanyar da ya share ne 'yan wasan Nijeriya da dama suka bi suka isa Turai.

Keshi ɗan baya ne, irin wanda ke tsaye a gaban mai tsaron gida yana ganin filin gaba ɗaya, yana daka wa na gabansa tsawa, shi ya sa ma aka laƙaba masa Big Boss. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles lokacin da suka ɗauki kofin ƙasashen Afirka a Tunis a 1994. Amma abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa a wannan shafi shi ne abin da ya same shi bayan ya rataye takalmi ya koma horar da 'yan wasa.

Idan ba a manta ba, shi ne ya kai Togo gasar cin kofin duniya karo na farko a tarihinta, inda ya sha gaban Senegal a wasannin share fage na 2005. Da aka je gasar Afirka a Masar a farkon 2006 aka sha kashi a wasanni uku, ga kuma saɓani tsakaninsa da Emmanuel Adebayor, sai hukumar Togo ta sallame shi ta ɗauko Bajamushe Otto Pfister. Wanda ya yi noma daban, wanda aka kira girbi daban. To, me aka girba? A Jamus rigimar kuɗin alawus ta ɓarke, Pfister ya yi fushi ya fice daga sansani ana saura kwanaki a fara wasa, sannan ya dawo, Togo kuma ta sha kashi a duka wasanninta uku.

Mutanen Abijan ba sa buƙatar a je Lome kafin a ba su irin wannan labari, domin a ƙofar gidansu ya faru. François Zahoui haifaffen Treichville ne, a Stella Club ta Adjamé ya yi suna kafin ƙungiyar Ascoli ta Italiya ta ɗauke shi a 1981, ya zama ɗan Afirka na farko da ya buga gasar Serie A. A 2012 ya jagoranci Giwayen Kodebuwa har wasan ƙarshe a Librebil ba tare da an jefa musu ƙwallo ko ɗaya a raga ba cikin wasanni shida. A bugun fanareti ne Zambiya ta yi galaba da ci 8 da 7. Watanni kaɗan bayan haka aka ce da shi ya kama gabansa, aka miƙa ƙungiyar ga Sabri Lamouchi, Bafaranshen da bai taɓa horar da ko ƙungiyar unguwa ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Birnin Konni za su tuna Zahoui, tun da daga baya ya horar da Mena ta Nijar.

Allah da ikonSa, Lamouchi ɗin nan ne Keshi ya haɗu da shi a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Afirka ta Kudu a watan Fabrairun 2013. A ɓangare ɗaya ga Drogba da Yaya Toure da Gervinho, a ɗaya ɓangaren ga ƙungiyar da ake yi wa dariya saboda Keshi ya ajiye wasu manyan sunaye ya ɗauko yara daga gasar cikin gida. Ɗaya daga cikin yaran nan, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kodebuwa da ci 2 da 1, shi ya sake cin wadda ta kayar da Burkina Faso a wasan ƙarshe. Da wannan Keshi ya zama mutum na biyu, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar, da ya ɗauki kofin yana ɗan wasa ya kuma ɗauka yana koci. A hannunsa Ahmed Musa ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a Brazil a 2014, kuma shi ya tafi da Rabi'u Ali da Shehu Abdullahi na Kano Pillars gasar CHAN a wannan shekarar.

Ladan da ya samu kuwa kowa ya ji shi a rediyo. Mutumin da ya kawo kofin da aka shekara 19 ana nema ya koma bin bashin albashinsa na watanni. A watan Yulin 2015 aka kore shi, bayan sunansa ya fito cikin jerin masu neman aikin horar da Kodebuwa, abin da shi ya musanta cewa ya nema. Sunday Oliseh da aka ɗauko daga teburin sharhi a talabijin ya gaje shi, bai cika shekara ba ya ajiye aiki yana kukan rashin biya da saɓa yarjejeniya. Keshi ya rasu a garin Benin a watan Yunin 2016 yana da shekara 54. Kwanaki kaɗan tsakani Shu'aibu Amodu ya bi shi, mutumin da sau biyu yana sama wa Nijeriya gurbin kofin duniya, na 2002 da na 2010, sau biyu kuma ana sauke shi kafin a hau jirgi.

Ba mu ce duk ɗan gida gwani ne ba. Keshi kansa ya fita a zagayen farko da Mali a Angola a 2010, ya kuma kasa kai Nijeriya gasar 2015, ga taurin kai da har masoyansa suka shaida. Clemens Westerhof baƙo ne, ya yi wa Nijeriya aiki. Hervé Renard baƙo ne, shi ya kawo wa Kodebuwa kofin 2015. Haka kuma iya ƙwallo ba shi ne iya koyar da ita ba. Kolo Toure, ɗan bayan da ya fito daga makarantar ASEC Mimosas ya kuma kammala kakar 2003 zuwa 2004 da Arsenal ba tare da an doke su a gasar Ingila ba, ya karɓi Wigan a ƙarshen 2022, ya yi wasa tara babu nasara ko ɗaya, aka sallame shi kafin ya cika wata biyu. Abin yabo a gare shi, ya koma ɗaukar darasi tun daga ƙungiyar matasa, har a 2025 ya shiga cikin mataimakan Pep Guardiola a Manchester City.

Abin da muke ƙorafi a kai shi ne mudu biyu da ake awo da shi. Baƙo na zuwa da takardar kwantiragi da lauya, in an kore shi ya kai ƙara FIFA a biya shi har sisin ƙarshe. Ɗan gida kuwa kishin ƙasa ake karanta masa, a ce ya yi haƙuri, kuɗi na nan tafe. Kowane ɗan kasuwa ya san sunan wanda ke auna wa baƙo da babban mudu ya auna wa maƙwabcinsa da ƙarami. A watan Janairun 2024, da Equatorial Guinea ta lallasa Giwaye da ci 4 da nema a filin Ebimpé aka kori Jean-Louis Gasset, abin da hukumar FIF ta fara yi shi ne neman aron Renard daga Faransa. Sai da aka hana ta sannan ta haƙura da Emerse Faé, wanda ya fitar da Senegal da Mali da Kwango, ya doke Nijeriya da ci 2 da 1 ranar 11 ga Fabrairu. Kafin shi Djamel Belmadi ya ci wa Aljeriya a 2019, Aliou Cissé ya ci wa Senegal a 2022. Kofin farko na Kodebuwa ma a 1992 ɗan gida ne Yéo Martial ya kawo shi daga Dakar.

Don haka muna kira ga hukumomin FIF da NFF da FENIFOOT da su riƙa ba kocin gida kwantiragi mai wa'adi a rubuce, da albashi a kan kari, a kuma bar wanda ya samo gurbi ya je gasar da ya samo.

Kiranmu na biyu ga alhazanmu ne na kasuwa. Kusan kowace ƙungiyar yara a Adjamé da Treichville, da ma Jibiya da Illela da Ɗan Issa, tana da uban gida ɗan kasuwa da ke saya mata riguna a buga sunan shagonsa a baya. Madalla da wannan. Amma tsohon ɗan wasan da ke tashi da asuba yana tara yaran nan, yana raba su da zaman tasha da shaye-shaye, sau da yawa "Allah Ya saka" ne kawai ladansa, ko kuɗin mota ranar gasa. Alhaji, in ka iya sayen riguna ashirin, ka iya yanka masa wani abu duk ƙarshen wata, a faɗa a gaban shaidu kamar yadda ake yi da yaron shago. Shugabannin kasuwa kuma su haɗa hannu su biya wa mutum ɗaya ko biyu kuɗin kwas ɗin lasisin horarwa na CAF a kowace shekara, domin ba tare da takardar nan ba babu babbar ƙungiyar da za ta bar shi ya zauna a bencinta.