Ba Kowane Gauraye Ne Algus Ba

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan bokitai da kujerun roba da muke sarowa, waɗanda ba sa jimawa sai su tsage, mai saye ya dawo yana zagin ɗan tireda. Maganar duk ta awo ce wajen haɗi.

Jama'a, ku dubi jirgin sama Boeing 787 da ya fara ɗaukar fasinja a 2011. Wajen rabin nauyinsa zaren kabon ne da makamantansa, an shimfiɗa hawa-hawa an manne da wani irin ƙaro. Zaren ƙarfi gare shi, amma ƙaron yana da gautsi. Da tsaga ta samu kafa, sai ta bi tsakanin shimfiɗun ta raba su.

Don maganin haka, masana suna gwada zuba wa ƙaron ƙwayoyi mitsi-mitsi, irin su garin yashi mai laushin gaske, ko 'yan bututun kabon da Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, waɗanda suka fi silin gashi siranta sau dubbai. In tsaga ta ci karo da ƙwaya, dole ta yi kwana, har ƙarfinta ya ƙare. Bututun kuwa su riƙe bakin tsagar kamar ɗinki.

To, ai wannan shi ne ramno da maginanmu ke cuɗawa da ƙasa don kada katanga ta dare! Sai dai akwai sharaɗi. Sau da yawa bututun ba sa wuce kashi 1 cikin 100. In aka cika, sai su dunƙule kamar gudajin tuwo, daga nan ma tsagar za ta faro.

Su kuwa wasu masu yin kayan roba, garin alli suke labtawa don ya yi musu auki. Kaɗan ba laifi, amma in ya yi yawa, bokiti na faɗuwa sai ka ji ƙwas! Kuɗin talaka sun bi ruwa, ɗan tireda ya rasa mai saye.

Don haka ina kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta riƙa gwada kayan nan kafin su shigo kasuwa. 'Yan'uwana 'yan tireda kuma mu tuna, araha ba ta ado. Allah Ya sa mu gyara, amin.

Sule Mai Tireda,
Ɗambatta, Jihar Kano.